Zaɓen Allon Kallon Hotunan Majigi a Gida

 Dalilin wannan rubutu wani ɗan akwatin ƙarfe ne da muka tarar a ƙarƙashin gadon kakanmu a nan Birnin Kebbi, ran da ake kwashe kaya za a gyara rufin ɗakinsa. Da muka buɗe sai muka ga waɗansu 'yan ƙananan hotuna jere, sun fi 200, kowanne an saka shi cikin bakin kwali, bai wuce tafin hannun jinjiri ba. In ka riƙe shi haka kawai ba ka ganin kome sai duhu-duhu, amma in ka ɗaga shi wajen rana sai ka ga mutane da ruwa da dawaki, da launinsu sarai. Alhaji ya ce mana su ne hotunan majigi, waɗanda masu sana'ar hoto ke kira silaid. Shi ya ɗauke su da hannunsa a Argungu, garin haihuwarsa, tsakanin 1972 da 1980. Majiginsa ma yana nan, naɗe cikin tsohon bargo.

Mun zaci da an sami majigi da wuta magana ta ƙare. Ashe da sauran aiki, domin majigi jefa haske kawai yake yi, abin da hasken ya faɗa a kansa shi ke mayar wa ido da hoto. Wannan abin shi ne allo, ko bango ne, ko ƙyalle, ko falanki. Na rubuta abin da na koya ne don kada wanda ke da irin wannan ajiya a gidansu ya sha wahalar da muka sha.

Mene ne hoton majigi?

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan da Turawa suka ba wata tsohuwar fitila mai haska zanen da aka yi a kan gilashi, watau fitilar dabo, wadda wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya ƙera wajen 1659. Ke nan tun farko sunan na hoto tsayayye ne. Daga baya ne ya koma kan motocin nan da hukuma ke aikawa gari-gari zamanin En'e, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim irin su Baban Larai.

Hoton majigi fim ne da kansa, ba a buga shi a takarda. Faɗinsa milimita 36, tsayinsa 24, bakin da ke riƙe da shi kuma santimita 5 ne ta kowane gefe. Yawancin na Alhaji an rubuta musu Kodachrome a jiki. Kamfanin Kodak na Amurka ya fito da wannan fim a 1935, ya daina yinsa a 2009, wuri na ƙarshe da ke wanke shi a duniya kuma ya daina a ƙarshen 2010. Majigin kamfanin mai zagayayyen faranti, Carousel, wanda ya fito a 1961, shi ma an daina ƙera shi a 2004. Abin lura a nan shi ne, kowane silaid guda ɗaya tak ne. Fim ɗin da ya shiga kyamara ran nan a bakin Matan Fada, shi ne dai wannan da ke hannunka. In ya lalace, babu inda za a je a ce a sake wanko wani.

Kuskurenmu na fari

Ran da muka fara gwadawa, a falo muka yi, muka auna majigi a bango. Bangon nan kuwa shuɗin fentin mai ne, mai sheƙi. Hoton farko na ranar su ne, masunta sun afka ruwa da homa da gora. Amma me za mu gani? Fuskokin mutane sun yi toka-toka, jar hular wani makaɗi ta koma baƙa, ga wani dunƙulen haske a tsakiya yana kashe ido. Muka ciro zanen gado muka rataya da ƙusa biyu. Nan kuma duk inda aka ninke zanen sai da layinsa ya fito, ya raba kwalekwale gida uku, iskar fanka na kaɗa shi, hoton na kai da kawowa. Muna ta ja nan, muna ɗaure can, hoton kuwa na cikin majigi yana shan wuta.

Alhaji ya miƙa hannu ya kashe fitilar, ya ce, "Ku dakata, jikokina. Kuna gyaran tsumma, kuna ƙona mini ruwa. Wanga hoto ba ya da ɗan'uwa."

A lokacin ban gane ba, sai da na bincika. Launin da ke jikin silaid rini ne, haske mai ƙarfi kuwa yana kashe rini, kamar dai yadda rana ke kashe atamfar da aka manta a kan igiya. Kodachrome ya fi sauran jure ajiya a cikin duhu, shi ya sa na Alhaji suke nan kamar jiya aka ɗauka, amma ba ya jure hasken majigi. Wani masani ɗan Amurka, Henry Wilhelm, wanda ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa a 1993, ya ba da shawara kada jimlar zaman irin wannan hoto a gaban fitilar majigi ta wuce awa guda a duk rayuwarsa. To, mu yi lissafi. In kana nuna shi na daƙiƙa 20, za ka nuna shi sau 180. In kuwa kana barinsa minti 5 kana fama da ƙyalle, sau 12 kawai ka cinye rabonsa. Saboda haka zaɓen allo da shirya shi aiki ne da ake gamawa tun kafin a taɓa hoto mai daraja.

Sharuɗɗa huɗu na allon kirki

Na ɗaya, ya zama fari fat. Mun koya a darasin kimiyya cewa farin haske taron launuka ne. Farin abu yakan mayar da su duka, mai launi kuwa yakan shanye waɗansu ya mayar da nasa. Shuɗin bangonmu ya shanye ja da rawaya, shi ya sa hular makaɗi ta yi baƙi. Bango mai ruwan madara yakan sa kome ya yi rawaya-rawaya, kamar an ɗauki hoton cikin hazo. Gwajinsa mai sauƙi ne: ciro sabuwar farar takarda ka kara a jikin abin da rana. In takardar ta fi shi fari ƙwarai, nemi wani.

Na biyu, kada ya yi sheƙi. Abu mai sheƙi ɗan'uwan madubi ne, yakan tattara haske ya harba shi waje ɗaya, wani ya sha ƙyalli, wani ya zauna cikin duhu. Abin da ba ya sheƙi kuwa yakan watsa haske ko'ina daidai wa daida. Haska tocila a jikinsa da dare, ka yi ta zagawa dama da hagu. In ka ga wani tabon haske yana bin ka, wannan allo zai ba ka kunya.

Na uku, ya zama a miƙe sumul. Majigi yana ƙara girman hoto fiye da sau 30 a ɗaki matsakaici, idon mai kallo kuwa yana kan allon, ba abin da zai ɓuya masa, ko tsaga ce, ko ramin ƙusa, ko gidan zanzaro. Kwantar da tocila a jikin bangon, haskenta ya bi fuskarsa. Duk wani tudu da kwari zai yi inuwa, ka gan shi.

Na huɗu, kada haske ya ratsa shi. Ka tsai da ƙanenka a bayan ƙyallen, ka haska daga gaba. In ya ce yana ganin tocilar tar, to, wannan hasken da ya isa gare shi asara ce ga masu zama a gaba. Alhaji ya ce zamanin majigin ƙofar fada, yaran da ba su sami wuri ba sukan zaga bayan ƙyalle su yi kallonsu daga can, sai dai kome a juye yake, na dama ya koma hagu. A fili wannan alheri ne, a cikin ɗaki kuwa ɓarna ce.

Abubuwan da muke da su a gida

Bango shi ne mafi araha, kuma ba ya motsi. Na siminti da aka yi wa shafe mai laushi, aka bi shi da farin fentin ruwa hannu biyu ko uku, ba abin da ya fi shi. Fentin mai kam a guje shi. Bangon ƙasa da aka shafa wa farar ƙasa yana da kyawun fari, ba ya kuma sheƙi, sai dai da wuya a same shi sumul, ga shi yana kaɗewa in an jingina. Wanda aka yi wa makuba ko aka bar shi ja, ba ya yi sam. Aibin bango ɗaya ne, ba ya tashi. In yana fuskantar taga ko ƙofa, haka za ka haƙura da shi.

Ƙyalle shi ne abin da yawancinmu za mu iya samu. Farin alawayyo mai kauri ya fi, a ninka shi biyu in ya yi shara-shara. Akoko yana da kauri, amma farinsa bai kai ba. Shadda kuwa, kome tsadarta, ba ta yi, domin tana da zane a jikinta, bugu kuma ya sa mata sheƙi. Ga abin mamaki, yadin talaka ya fi na sarauta a wannan fage. In za a wanke ƙyallen kada a cika masa bula, don tana jawo shi wajen shuɗi. A goge shi sosai, a kai wa tela ya yi masa kalmasa mai faɗi sama da ƙasa, a zura miƙaƙƙen gora ko siririn bututun ƙarfe a kowace. Na sama a rataye shi, na ƙasa nauyinsa ya ja ƙyallen ya miƙe. A nemi yadi mai faɗi don kada ɗinki ya ratsa tsakiya. In an gama kallo a naɗe shi a jikin goran, kada a ninke.

Falanki mai laushi, irin wanda kafintoci ke yin silin ko bayan kabad da shi, in aka goge shi aka shafa masa farin fentin ruwa, ya haɗa kirkin bango da na ƙyalle, ga shi sumul, ga shi ana ɗauka a kai tsakar gida. Sai dai a kafa masa katako ta baya, don laimar damina a wannan kwari namu na Rima tana tanƙwara shi. Don kallon mutum uku ko huɗu, babban farin kwali irin na zanen taswira ma ya isa.

Sai allon kanti, mai ƙafa uku, wanda ake jawowa daga cikin bututunsa. Iri uku ne. Akwai fari marar sheƙi, wanda aikinsa ɗaya da na bangon kirki. Akwai wanda aka barbaɗa wa 'yan mitsi-mitsin duwatsun gilashi, wanda ke mayar da haske wajen da ya fito. Wanda ya zauna kusa da majigi zai ga hoto tar, na gefe kuwa ya ga dushi-dushi. Akwai kuma mai ruwan azurfa, wanda ke da ƙarfin haske, amma shi ma yana da zaɓen wurin zama. Masu yin waɗannan biyun sun yi su ne da tunanin iyali kaɗan, zaune a kujeru bayan majigi. Mu kuwa in an ce ana kallo, maƙwabta za su shigo, yara su bazu a tabarmi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Don haka fari marar sheƙi shi ya dace da zamanmu. Bugu da ƙari, mai duwatsun nan in ya tsufa yakan yi rawaya, duwatsun su riƙa zuba, ƙurar hunturu kuma in ta shige shi ba ya gogewa. Wanda ya gaji irinsa ya gwada shi da takarda da tocila kamar kowane, kada sunan kanti ya ruɗe shi.

Girman allo da siffarsa

Allon silaid murabba'i ake yinsa, tsawo da faɗi ɗaya. Dalili kuwa, mai ɗaukar hoto wani lokaci yakan riƙe kyamara a kwance, wani lokaci a tsaye. Hoton taron masunta a kwance yake, amma na mutumin da ya ɗaga giwan ruwa a tsaye yake. In ka yi allonka mai faɗi irin na gidajen kallon ƙwallo, kan mutumin zai hau rufi, wutsiyar kifin ta sauka ƙasa.

Ga yadda ake lissafin girman. Duba bakin idon majigi, watau gilashin da haske ke fita ta cikinsa, za ka ga lamba, sau da yawa 85 ko 90 ko 100. Namu 90 ne. Auna nisa daga majigi zuwa allo da milimita, ka raba da wannan lamba, ka ninka da 36. Abin da ya fito shi ne kimanin faɗin hoton. Misali, nisan mita 3 milimita 3,000 ne. In an raba da 90 aka ninka da 36, an sami 1,200, watau mita 1 da santimita 20. A nisan mita 4 kuwa hoton zai kai kimanin mita 1 da santimita 60. Saboda haka ga ɗakunanmu na yau da kullum, allo mai mita ɗaya da rabi ta kowane gefe ya wadatar, a matso da majigi har hoton ya zauna a cikinsa.

Kada kwaɗayin babban hoto ya ja ka. In ka ninka nisa sau biyu, faɗi ya ninku biyu, tsayi ya ninku biyu, fili ya zama huɗu, alhali kuwa fitilar ita ce dai ɗaya. Hasken kowane wuri ya koma kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Kamar tuwon mutum ɗaya ne a raba wa huɗu. Ƙaramin hoto mai haske ya fi babba dusasshe. Game da wurin zama, tsohuwar ƙa'idar masu majigi ita ce, na gaba ya yi nisan faɗin hoto sau biyu, na baya kada ya wuce sau shida.

Kafa allo da duhun wuri

Idon majigi ya kamata ya dubi tsakiyar allo kai tsaye. In ka ajiye shi ƙasa ka ɗaga masa kai, hoton zai buɗe ta sama ya tsuke ta ƙasa kamar kwando, in ka daidaita sama kuma ƙasa ta dushe. Ɗora shi a kan dogon tebur, gindin allon kuma ya ɗara kan wanda ke zaune. In ba makawa sai an ɗaga kan majigin, to, a sunkuyo da saman allon gaba kaɗan. Wanda ya kewaye bakin allonsa da baƙin ƙyalle ko baƙin fenti mai faɗin yatsa huɗu zai ga hoton ya ƙara fitowa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: majigi ba ya jefa baƙi. Baƙin da kake gani a hoto, allon ne kawai inda haske bai taɓa ba. In ɗakin da haske, wannan wuri fari zai kasance, hoton duka ya yi fari-fari kamar an wanke shi. Don haka alawayyo a cikin duhu ya fi allon kanti a ɗakin da taga ke buɗe. A toshe taga da bargo, a kashe ƙwan waje, masu waya su sa ta aljihu. In a tsakar gida za a yi saboda zafi, a zaɓi daren da babu farin wata, a ɗaure kusurwa huɗu na ƙyallen saboda iska, a kuma tuna da damina ƙwari za su taru a kan farin allo. Janareta kuwa a waje ake barinsa, nesa da jama'a, saboda hayaƙinsa kisa yake yi.

Duk wannan gwaji a yi shi da silaid ɗaya da ba a damu da shi ba, wanda ya riga ya lalace. Sai kome ya zauna daidai sa'an nan a ɗauko na ƙwarai, kowanne a ba shi 'yan daƙiƙoƙinsa a wuce. Wanda yake son ya daɗe yana kallon wani hoto, ya ɗauke shi da waya daga jikin allon, ya yi ta kallo a can. Nan ma kyawun allo shi ne kyawun abin da wayar za ta kama.

Yadda tamu ta ƙare

Mu dai alawayyo muka saya, yadi biyu muka ninka, tela ya yi kalmasa, muka rataya a zaure bayan sallar lisha. Da hoton ranar su ya fito, zauren ya yi tsit. Ga ruwan Matan Fada da launinsa na ƙasa-ƙasa, ga goruna suna yawo a kai, ga jar hular makaɗi ta dawo ja. Alhaji ya ba mu labarin yadda bikin ya soma a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya su don girmama baƙo bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Malaminmu na tarihi ya riga ya faɗa mana cewa hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da duniya ke tattali a 2016, amma gani ya kori ji.

Muna cikin haka sai Hajiya kakarmu ta miƙe ta matsa kusa da ƙyallen, ta nuna wani saurayi a gefen hoton, tsaye cikin ruwa iya ƙugu, riƙe da homa. Ta ce, "Alhaji, wanga ba Yaya ba ne?" Yayanta ne, wanda ya rasu tun kafin a haifi mahaifina, ba shi kuma da wani hoto a duniya sai wannan. A shuɗin bango mun wuce shi ba wanda ya lura, don fuskarsa ta narke cikin duhu. Alhaji ya bar mata shi daƙiƙa kaɗan, na ɗauka da waya, sa'an nan ya sauya.

To, 'yan'uwa, ku tambayi iyaye da kakanni, musamman waɗanda suka yi aikin koyarwa ko na gona ko na asibiti a wancan zamani, wataƙila akwai irin wannan akwati a gidanku. In kun samu, kada ku yi gaggawar kunna majigi. Ku fara da farar takarda da tocila, ku nemi fari, marar sheƙi, miƙaƙƙe, mai kauri, ku auna ɗaki, ku jira duhu. Iyayenmu kuma muna roƙo ku taimaka mana da kuɗin yadi da na tela, ku zauna tare da mu ku faɗa mana sunayen mutanen da ke cikin hotunan, mu rubuta a bakin kwalin tun masu sanin su suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, amin.